Kurakuran da 'yan Pokémon GO suka fi yi wajen ƙara wa dabbobinsu ƙarfi

Tun da kamfanin Niantic ya saki Pokémon GO, wasan waya da ake kama dabbobin Pokémon a cikinsa, a watan Yulin 2016, hanyar ƙara wa dabba ƙarfi ba ta sauya daga tushe ba. Ka buɗe dabbar, ka danna maɓallin POWER UP, wasan ya cire maka abu biyu: ƙurar taurari, wadda aka rubuta Stardust a allon waya, da kuma alewa. Kowace dannawa rabin mataki take ɗaga dabbar, lambar CP da ke samanta, wato ma'aunin ƙarfin faɗanta, ta ɗan motsa. Sauƙin ne yake jawo ɓarna, don abin da ka kashe ya tafi ke nan, babu maɓallin dawo da shi.

Alewa kowane dangi da tasa. Ta Machop ta Machop ce da Machoke da Machamp, ba za ta tsinana wa Magikarp komai ba. Ƙura kuwa ta kowa da kowa ce, kamar buhun dusa guda a gidan mai kiwo: rago da tunkiya da akuya duk daga ciki ake ɗebo musu, wanda ka cika wa kwano yau rabon wani ka ba shi. Kuma da ƙyar take taruwa. Dabbar da ba ta rikiɗa ba, wato ba ta koma babbar siffarta ba kamar yadda Machop yake zama Machoke, 100 take bayarwa in ka kama ta, wadda ta rikiɗa sau ɗaya 300, wadda ta rikiɗa sau biyu 500. A Katsina, inda wuraren ɗibar ƙwallayen kama dabbobi ba su kai yawan na manyan biranen waje ba, ga zafin rana, ga kuɗin data, ga caji da ba ya jimawa in GPS na kunne, kowace dubu goma da guminta take zuwa.

Ciyar da duk abin da aka kama tun daga farko

Sabon ɗan wasa yakan kama dabba ta burge shi, ya hau danna mata har ƙurarsa ta ƙare. Abin da bai lura ba shi ne dabbobin da ke fitowa a kan hanya suna girma ne tare da shi. Matakinsu yana bin matakin ɗan wasa har zuwa 30. Ɗaga dabba daga mataki na 1 zuwa na 30 yana cin ƙura 120,000, alhali da zarar kai ka kai mataki na 30, irinta mai wannan ƙarfin za ta iya fito maka kyauta a ƙofar gida.

Yanayi ma yana taya ka. In wasan ya nuna rana tarwai, wanda shi muka fi gani a nan, dabbobin wuta da na ciyawa da na ƙasa suna zuwa da ƙarin mataki biyar, har su kai 35, kuma ƙurar kamun tana ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari. Da damina, ranar da ya nuna ruwan sama, sai na ruwa da na lantarki da ƙwari su samu wannan gatan. Saboda haka kafin ka kai mataki na 30, ka riƙe hannunka. In dole ta kama don faɗa da 'yan Team GO Rocket, miyagun cikin wasan, zaɓi 'yan kaɗan ka ɗan taɓa su, sauran su jira.

Ƙara ƙarfi kafin rikiɗa

Akwai masu cewa in ka ƙara wa dabba ƙarfi tun tana ƙarama, ta fi kyau bayan ta rikiɗa. Ba haka ba ne. Matakin da take a kai shi za ta tafi da shi, farashin kowace dannawa kuma ɗaya ne, kafin rikiɗa ko bayanta. Bambancin yana wani wuri. Na ɗaya, alewar da kake ƙona wa a ƙarin ƙarfi ita ce dai ake bukata wajen rikiɗa, kuma Magikarp sai ya ci 400 kafin ya zama Gyarados. Na biyu, salon faɗan dabba yana sauyawa in ta rikiɗa, wasan ne yake zaɓa mata sabo bisa sa'a. Rikiɗa ta tukuna, ka ga da me ta fito, in akwai bukata ka gyara da TM, abin da ake sauya salon faɗa da shi, sannan ka zuba ƙura.

Wani lokaci ma rikiɗar ce ya kamata ta jira. Tun daga Janairun 2018 ake yin Community Day kusan kowane wata, inda dabba guda take cika ko'ina na 'yan awoyi, kuma wanda ya rikiɗa ta a lokacin yana samun salon faɗa na musamman. Metagross mai Meteor Mash daga nan ya samo asali, kuma tsakaninsa da wanda ba shi da shi akwai tazara sosai. Wanda ya yi gaggawa sai ya nemi Elite TM, wato TM ɗin da ke barin ka zaɓi salon da kanka, abin da ba kullum ake samu ba.

Ruɗin babbar lamba

Kwanakin baya a wata majalisa wajen Ƙofar Ƙaura wani yaro ya miƙo mini wayarsa, allon duk ya tsattsage, caji saura kaɗan. "Yaya, duba Slaking ɗina, duk unguwarmu babu mai irinsa." Gaskiyarsa, lambar ta haura 3,000. Na leƙa ƙurarsa, ko dubu biyu ba ta kai ba. Duk abin da ya tara a cikin wannan dabba ɗaya ya juye. Slaking yana cikin masu babbar CP a wasan, amma ƙaramin dukansa Yawn ne, hamma ce kawai, ba ta rage wa abokin gaba wani abin kirki. Na tambaye shi da me zai doki Tyranitar in ya fito a Raid, faɗan da 'yan wasa ke haɗuwa su doki babbar dabba guda, sai ya yi dariya yana sosa ƙeya.

CP lissafi ne da ya fi ba ƙarfin duka nauyi a kan kariya da yawan rai, bai kuma san komai game da salon faɗa ko nau'in dabba ba. A fagen daga kuwa nau'i ne kan gaba. Dukan da ya dace da raunin abokin gaba yana ninkuwa sau 1.6, in raunin biyu ne ya haɗu ya koma 2.56. Tyranitar dutse ne kuma duhu, duka biyun suna tsoron nau'in dambe, shi ya sa Machamp mai Counter da Dynamic Punch, ko da lambarsa ba ta kai ta Slaking ba, shi ne maganinsa. Kafin ka danna, tambayi kanka wa za ta doka, a wane fage. In ba ka da amsa, ajiye ta.

Ɗaya gefen kuma akwai masu bautar IV, wato makin da kowace dabba take zuwa da shi. In ka sa shugaban ƙungiyarka, Candela ko Blanche ko Spark, ya auna dabba, zai nuna maka sanduna uku, duka da kariya da rai, kowace daga 0 zuwa 15. Mutum sai ya ƙi taɓa komai sai mai 15 uku. To amma wannan lamba ƙari ce kawai a kan asalin ƙarfin dangin. Asalin dukan Machamp 234 ne. Mai 15 yana da 249, mai 12 yana da 246, bambancin kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari. In kana da Machop mai cikakken IV a mataki na 15, da wani wanda awo ya ba taurari biyu cikin uku a mataki na 35, na biyun ya riga ya tanadar maka ƙura sama da 150,000. Rikiɗa shi ka shiga faɗa yau, cikakken ya zauna a ajiye har aljihu ya yi nauyi.

Daga 30 zuwa 40, inda dukiya take nutsewa

A nan ne tsofaffin 'yan wasa ma suke zamewa, kuma a ganina wannan kuskuren ya fi duk sauran tsada. Dabbar da ka kama a Raid tana zuwa a mataki na 20, ko 25 in yanayi ya taya ta. Kai ta 30 daga 20 yana cin ƙura 75,000 da alewa 66, ƙarfinta kuma ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Daga 30 zuwa 40 kuwa ƙura 150,000 ce da alewa 182, ninki biyu na ƙura, kusan ninki uku na alewa, abin da za ka samu kuma kashi 8 ne kacal. Dalili shi ne daga mataki na 30 wasan yake rage ƙarin da kowace dannawa take bayarwa, farashi kuma yana ta hawa: 5,000 a mataki na 30, 10,000 da alewa 15 a mataki na 39.

A Raid dabba shida kake shiga da su, ba ɗaya ba. Ƙurar da za ta kai guda ɗaya daga 20 zuwa 40, wato 225,000, ita ce za ta kai guda uku zuwa 30. A garin da tara mutum biyar a gindin Gym ɗaya, wurin da ake yin Raid, sai an yi ta kiran waya ana jiran wane ya taso daga makaranta, wane ya rufe shago, shida masu matsakaicin ƙarfi da suka dace da abokin gaba sun fi zakara ɗaya da tarkace biyar a bayansa. Fara jera shida a mataki na 30 a nau'o'in da ka fi bukata, daga baya ka ɗaga na gaban goshi.

Sama da 40 kuma wata duniya ce. Tun ƙarshen 2020 aka buɗe har zuwa mataki na 50, amma da babbar alewa ta XL, guda 296, da ƙura 250,000. Wasan yana ba ka damar canja alewa 100 ta zama XL ɗaya. Kada ka yi, sai in dangin alewarsa ta yi maka yawa har ba ka san yadda za ka yi da ita ba.

Tsallake iyakar gasa

A gasar da 'yan wasa ke karawa da juna, Great League ba ta karɓar dabbar da ta wuce CP 1,500, Ultra League kuma 2,500. Dannawa ɗaya ta wuce gona da iri, 1,501, an rufe mata ƙofa har abada, don ƙarfi ba ya raguwa. Wasan yana nuna maka lambar da za ta koma kafin ka tabbatar, ka tsaya ka karanta. Rikiɗa ma tana iya cilla dabba sama da iyakar, shi ya sa a nan ma ita ce farko. Abin da yake ba sababbi mamaki shi ne a waɗannan gasa biyu sau da yawa mai ƙarancin IV na duka, irin 0 da 15 da 15, ya fi cikakke, saboda ƙarancin dukan yana danne CP, sai dabbar ta hau mataki mafi tsawo ta ƙara juriya ba tare da ta tsallake iyaka ba. Da yawa sun tura wa Farfesa Willow, wanda ake miƙa wa dabbobin da ba a so, irin waɗannan suna ganin shara ce.

Wanke dabbar inuwa da gaggawa

Dabbobin da ake ƙwatowa daga Team GO Rocket, masu jajayen idanu da hayaƙi da ake kira dabbobin inuwa, dukansu ya fi na sauran da kashi 20 cikin ɗari, su ma duka ya fi shigarsu. In ka wanke ta, za a ƙara mata maki biyu a kowace sanda, ta koma mataki na 25 in ba ta kai ba, farashin ƙarfafa ta ya ragu da kashi 10, amma wannan kashi 20 ɗin ya tafi. Mun ga abin da maki uku suke yi wa Machamp, to ka auna da kashi 20. Mai kyau a Raid, irin Machamp ko Metagross ko Mewtwo, bar shi da inuwarsa. Sai dai ka sani ciyar da shi ya fi tsada da kashi 20, kuma yana zuwa da wani salo mara amfani mai suna Frustration, wanda ba ya cirewa sai a ranakun da wasan ya ba da dama. Kada ka zuba masa ƙura kafin ka rabu da wannan.

Ƙananan yoyo

Rare Candy, alewar da ke iya zama ta kowane dangi, ba ta Eevee ba ce ko wani da yake yawo a kan titi. Ajiye ta don manyan dabbobin almara, waɗanda sai ka yi tafiyar kilomita 20 da su a matsayin abokin tafiya kafin su ba da alewa guda. Magikarp kilomita ɗaya ne. Pinap Berry, 'yar itacen da ake ba dabba kafin a kama ta, tana ninka alewar kamu, jefa ta ga dangin da kake tarawa. Star Piece yana ƙara rabin ƙurar da ka samu na minti 30, to kada ka kunna shi kana kwance a ɗaki, bari sai ƙwai sun kusa ƙyanƙyashewa ko ranar da dabbobi suka yi yawa. Kunna Adventure Sync, tafiyarka zuwa masallaci da kasuwa ta shiga lissafi ko wasan yana rufe. Wanda kuma ya ce ka ba shi asusunka ya cika maka ƙura, ko ka sauke wata manhaja mai tashi da kai zuwa Amurka kana zaune a Katsina, ka sani wasan yana gargaɗi, ya dakatar, a karo na uku ya rufe asusun ɗungurungum.

Hanyar rage tsada da aka fi mantawa da ita ita ce musanya. Machoke da Kadabra da Haunter da Graveler, in an yi musanyarsu, suna rikiɗa ba tare da alewa ko ɗaya ba, an tsira da 100 ke nan. In musanyar ta zo da sa'a dabbar ta zama Lucky, rabin ƙura kawai za ta riƙa ci, kuma kowace sandarta ba za ta gaza 12 ba. Sai dai dabba sau ɗaya ake musanyarta, IV ɗinta kuma yana sauyawa, saboda haka musanya tukuna, ƙura daga baya. Nisan wuraren da aka kama dabbobin biyu ma yana da lada. Ta Katsina da ta Daura alewa biyu za su ba ku maimakon ɗaya, ta Katsina da ta Kano, da yake nisan ya wuce kilomita 100, uku ce, har da XL guda ga wanda ya kai mataki na 31. In za ka je Kano sarin kaya ko ɗaurin aure, kamo da yawa ka dawo da su. Rubuta distance100- a wurin bincike bayan ka iso gida, duk za su fito a jere.