Yadda ake ratsa laka da kwale-kwale a tsibiran Bijagos a koma sansani

A tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau, ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a rana. Tsakanin cika da janyewa akwai kimanin awa 6, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50. Saboda haka jadawalin jiya ba ya aiki yau.

Ka tashi daga sansani awa biyu kafin ruwa ya gama cika. Idan jirgi ya kafe a lokacin, ruwan da ke ƙaruwa zai ɗaga shi. Wanda ya kafe ruwa yana janyewa kuwa, zai yi awanni a cikin laka, wani lokaci har dare.

A awa ta uku da ta huɗu bayan ruwa ya fara janyewa ne rabin ruwan ke tafiya, nan ake yawan makalewa. Ka bi rafin da ke tsakanin bishiyoyin gaɓa, kana gwada zurfi da gora. In farfela ta fara tada taɓo, ɗaga injin, domin laka tana toshe hanyar ruwan sanyaya shi.

Raba mai kashi uku: zuwa, dawowa, da ajiya. A sansani ka jefa anga da igiya mai tsawo, ka kafa tanti sama da layin ciyayin da ruwa ya bari, musamman a sabon wata da cikarsa, lokacin da ruwan teku ya fi cika.