Tsakanin dunƙulen shinkafa da gidan burodi: abin da baƙo zai ci a hanya a Japan

Kusan duk ɗan gida da na taɓa tarowa a filin jirgin Narita ko Haneda da ke yankin Tokyo, in muka shiga shago don ya sa wani abu a ciki kafin mu hau jirgin ƙasa, wajen burodi hannunsa yake nufa. Ba laifinsa ba ne. Ido ya saba da burodi tun daga teburin mai shayi, shi kuwa wancan abu mai kusurwa uku da aka naɗe da baƙin ganye, ba a taɓa ganin irinsa a Kano ko Damagaram ba. Akwai wani ƙanena ɗalibi da ya yi mako guda cur daga burodi sai ruwan shayi, duk ya rame, alhali abin da zai riƙe shi yana gabansa a kowace kwana. Don haka, ɗan'uwa, ka juya lissafin tun ranar farko: baƙin abin nan ya fi kusa da zama abincinka, burodin shi ne mai bukatar bincike.

Sunansa onigiri, wasu su ce omusubi. Dafaffiyar shinkafa ce mai danƙo, a shafa gishiri a hannu a dunƙule ta kamar ƙaramar malmalar tuwo, a tura ɗan mahaɗi a tsakiya, a naɗe da nori, wato busasshen ganyen teku. Guzurin manomi da matafiyi ne tun zamanin da, kamar yadda namu matafiyan ke ƙulla fura ko ƙuli. A yau za ka same shi a ƙananan shagunan da ake kira konbini, irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, waɗanda yawansu ya haura 50,000 a faɗin ƙasar, kuma akasarinsu ba sa rufewa dare da rana. 7-Eleven ya fara sayar da shi a 1978. Shinkafa ta yi tsada sosai tun 2024, farashinsa ma ya ɗaga, amma har yanzu biyu da kwalbar shayi sun fi yawancin abincin gidan cin abinci araha, kuma za su kai ka la'asar.

Ledar ma sai an koya. An raba ganyen da shinkafar da siririyar leda don kada ya jiƙe ya yi laushi. Duba da kyau, akwai lambobi 1, 2, 3. Ka kama bakin 1 a ƙololuwa ka ja shi ƙasa har ya zagaye ta baya, sannan ka zare kusurwar 2 a hankali, ka zare ta 3. Ganyen zai kwanta a jikin shinkafar da kansa, yana ƙaras-ƙaras. In ka yage ledar da ƙarfi, ganyen zai bi ta, a bar ka da shinkafa tsirara a hannu.

Abin da ya sa na ce ya fi kusa da mu shi ne yawancin mahaɗinsa daga ruwa yake fitowa, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, abin da ke rayuwa a teku halal ne. Fara da shio musubi, shinkafa da gishiri zalla, babu komai a ciki. Daga nan shake, gasasshen kifin salmon da aka marmashe, wanda ni shi na fi saye. Akwai kombu, wani ganyen tekun mai ɗan zaƙi, da okaka, ɓarzajjen busasshen kifi mai ƙamshi kusan irin na kifin banda. Mentaiko ƙwan kifi ne da barkono, shi kaɗai ne zai ɗan tuna maka da yaji. Tuna da bama, wanda suke kira tsuna mayo, yara da ɗalibai sun fi so. Ume kuwa, ɗan itace ne da aka jiƙa a gishiri, tsaminsa ya ninka na tsamiya. Ka ɗanɗana shi ranar da kake zaune, ba ranar da yunwa ta ci ka ba.

Duk da haka kada ka ɗauka ido rufe. Akwai na soyayyar shinkafa da ake kira chahan, da masu nama a ciki ko a kai, kuma galibi alade ne ko kazar da ba yankan Musulmi ba. Wani lokacin ma na kifin akan sa masa ruwan ɗanɗano da aka tatso daga nama. Juya bayan ledar ka nemi layin 原材料名, nan aka jera kayan haɗi. Ba sai ka iya Japananci ba, haruffa kaɗan za ka haddace kamar yadda ka haddace lambar wayarka: 豚 alade ne, haka ポーク; ラード kitsen alade; ゼラチン jelatin, wanda ake samu daga fata ko ƙashin dabba; 鶏 kaza; 牛 saniya; 酒 giya; みりん kuma wata giyar shinkafa ce mai zaƙi da suke zubawa a girki. Kyamarar waya na iya fassara maka rubutun, amma a layin safe, da mutum goma a bayanka kowa na duban agogo, idonka ya fi waya sauri.

A ƙarshen jerin sau da yawa akan rubuta abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, kuma a nan ake yawan kama 豚肉, wato naman alade. Sai dai ka sani doka ta wajabta bayyana irin su alkama, ƙwai, madara, gyaɗa, jatan lande da ƙaguwa ne. Alade da jelatin suna cikin waɗanda aka shawarci kamfani ya bayyana, ba dole ba. Rashin ganinsa a wannan layin ba hujja ba ce, sai ka karanta jerin duka. Batun ɗan burbushin giya da ke cikin shoyu, baƙin ruwan waken suya da ke shiga kusan kowane girkinsu, malamai sun bambanta a kai, kuma Musulmin da ke nan ma kowa da inda ya tsaya. Ka tambayi malamin da ka amince da shi tun da wuri, ka tsaya a kan magana ɗaya, don kada kowace loma ta zame maka waswasi.

In ka samu sarari, ka je shagon da sana'arsa ke nan, inda ake dunƙula shi a gabanka da zafinsa. A manyan tashoshi akwai irin su Omusubi Gonbei, nasu ya fi na konbini girma. A unguwar Asakusa ta Tokyo akwai Yadoroku da aka buɗe tun 1954. Wanda na fi aika mutane shi ne Bongo, kusa da tashar Otsuka, tun 1960 suke nan, mahaɗinsu ya haura kala hamsin, kuma masallacin Otsuka tafiyar ƙafa ce daga tashar. Layinsu kan ɗauki sa'o'i, don haka ba wurin mai sauri ba ne. Amma in ka ga yadda ake ɗora shinkafar a hannu, a ɗan tattara ta sau biyu ko uku ba tare da an matse ba, ta yadda da ka gatsa take watsewa a baki, za ka gane dalilin layin. A nan ma akwai masu alade, ka zaɓa da baki.

Sai gidan burodi, wanda suke kira pan-ya. Kalmar pan daga 'yan Fotugal suka karɓe ta, waɗanda suka iso a 1543. A bakin ƙofa za ka ɗauki tire da ɗan awartakin ɗaukar burodi, ka zagaya ka zaɓa, ka kai wa mai kuɗi ta naɗe maka. Ba a taɓawa da hannu, kuma abin da ka ɗora a tire ba a mayarwa. Ƙamshin wurin kaɗai ya isa ya ja ka daga dandamalin jirgi, shi ya sa kusan kowace babbar tasha take da irin su Vie de France ko Little Mermaid.

Matsalar ita ce burodin nan ba a leda yake ba, babu jerin kayan haɗi sai ɗan kati mai suna da farashi, wani lokacin da 'yan alamomi. Laushin burodinsu daga kitse yake zuwa, kuma kitsen kan iya zama man shanu, ko na tsirrai, ko na alade. Kalmomin ショートニング (kitsen gashi) da 乳化剤 (sinadarin haɗa mai da ruwa) ba sa gaya maka asalinsu, sai in an ƙara 大豆由来, ma'ana daga waken suya. Wanda suke kira kare pan, soyayyen burodi mai miyar kori a ciki, kusan kullum da nama. Akwai wani mai siffar zangarniyar alkama, epi, daga waje sak busasshen burodin Faransa, amma an shimfiɗa naman alade a cikinsa tun daga kai har gindi. Wannan na ga ya yaudari mutane da yawa. Masu zabibi da kek kuma akan jiƙa su da giya, a rubuta 洋酒.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne dogon burodin Faransa, furansu pan, wanda asalinsa fulawa ce da ruwa da gishiri da yis. 'Yan Nijar sun san shi tun gida. Sauran kuwa, tambaya za ka yi, kuma ba abin kunya ba ne. Nuna burodin ka ce “Buta niku, haitte imasu ka?”, wato akwai naman alade? Ka ƙara “Raado wa?” don kitsen. Ba za su amsa maka da ka ba. Sau da yawa yarinyar za ta shiga ciki ta ɗauko takardar haɗin ta duba, ko ta kira mai gashin. In an tabbatar maka, ka gwada anpan, wanda gidan Kimuraya na Ginza ya ƙirƙiro a 1874. Jan wake ne da aka dafa da sukari a cikin burodi. Bakin da ya saba da wake da manja da barkono zai yi mamaki a lomar farko, amma da ruwan shayi mai zafi yana shiga. Da zarar ka samu gida ɗaya a unguwarku da ka tantance kala biyu ko uku, ka riƙe shi.

Inda za ka ci ma abin lura ne. Ba a ci ana tafiya, ba a ci a jirgin cikin gari. A Shinkansen kuwa, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na tsakanin birane, kowa buɗe guzurinsa yake yi, akwai ma ɗan teburi a bayan kujera. Daga Tokyo zuwa Osaka kimanin sa'a biyu da rabi ne, ka sayi naka tun kafin ka shiga. Tun Oktoban 2019 harajin abincin da za ka tafi da shi kashi 8 ne cikin ɗari, na wanda za ka ci a zaune a shagon kashi 10, shi ya sa ake tambayarka. Leda ma tun Yulin 2020 saye ake yi. Kwandon shara yana wuya a titi, sai ka ninke ledarka ka sa a jaka har gida.

Nasan zuciya za ta ce ka taho da kilishi ko dambun nama don irin waɗannan ranaku. Kada ka soma. An hana shigo da nama, busasshe ne ko dafaffe, akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgi, kuma hukuncin kan kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Naman halal kana iya samunsa a shagunan unguwar Shin-Okubo ta Tokyo da kantin da ke masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara.

Da dare, in manyan kantunan cefane sun kusa tashi, ma'aikaci kan zagayo yana manna takarda a kan abin da ya rage. In ka ga 半額, rabin kuɗi ke nan. A watan azumi da shi ɗalibai da yawa ke haɗa sahur. Ka dai duba 消費期限, wato wa'adin cinsa, domin a kan onigiri har sa'ar da zai daina ciwuwa ake rubutawa, kuma kada ka sa shi a firji ya kwana, shinkafar bushewa take yi ta koma tsaki.