Babi na 7: Lambun Tsakar Gida

Karatu

A karanta wannan sashe da ƙarfi. Kowa ya ɗauki layi biyu.

Gari ya waye. Inna ta share tsakar gida. Ta kwashe toka daga murhu. Ta share turken awaki. Ta haɗa da ɓawon albasa da ragowar ganyen jiya, kwando ya cika. Ta kira jikanta ya kai bola.

Sai maƙwabciyarta, wadda take zuwa ajin yamma, ta yi sallama ta shigo.

"Inna, ina kwana? Don Allah kada a kai kwandon nan bola. A ba ni."

"Lafiya lau, 'yar nan. Me za ki yi da shara?"

"Taki zan yi, Inna. In Allah ya kai mu wata huɗu, zan kawo miki alayyahun da ya ci wannan shara."

Abin da gida ke zubarwa

Wannan mata ba sabon abu ta ƙirƙiro ba. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna shigowa da jakai ɗauke da itace, su koma da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi. Da wannan taki suke noma gona ɗaya shekara da shekaru, ba su bar ta ta yi saura ba. Abin da ya sauya a yau shi ne bolar kanta. Ta cika da leda da roba da fasassun kwalabe da mataccen batir. Wanda ya ɗebo ƙasar bola ta yanzu ya zuba wa ganyen da yaransa za su ci, ya ɗebo har da guba.

Saboda haka a tace shara tun daga gida, kafin ta haɗu da ta wasu. A ajiye kwando biyu. Ɗaya na abin da zai ruɓe, ɗaya na abin da ba ya ruɓewa. Leda ba ta ruɓewa. In aka ƙona ta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. In akuya ta haɗiye ta, takan taru a tumbinta, ta yi ta ramewa ga abinci a gabanta.

Ramin taki

A nan za mu daɗe, domin in taki ya yi kyau, rabin aikin lambu ya ƙare.

A zaɓi wuri mai inuwa a bayan ɗaki ko gindin katanga, nesa da rijiya. A haƙa rami, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1, zurfinsa ya kai gwiwa. Wanda ba shi da wurin haƙa rami ya nemi tsohon duro ko babban kwando, ya huhhuda gindinsa.

A fara shimfiɗa busassun abubuwa a ƙasa: guntun kara, busasshen ganye, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa. Kaurinsu ya kai taƙi ɗaya. A kansu a zuba ɗanyun abubuwa, kamar ciyawar da aka cire, da ɓawon kayan miya, da ɓawon ayaba. Sannan kashin awaki ko na tumaki ko na kaji ko na shanu. A barbaɗa toka kaɗan, kamar yadda ake barbaɗa gishiri a miya. A rufe da ƙasa 'yar kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa hawa-hawa har ramin ya cika, sannan a lulluɓe shi da tsohuwar tabarma ko ciyawa.

Ruwan yana da awo. A damƙi takin a hannu a matse. In ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye. In ya warwatse kamar gari, ya yi kaɗan. Abin da ake so shi ne ya dunƙule, hannu ya yi danshi.

A soka sanda doguwa a tsakiyar ramin a bar ta. Bayan kwana 4 ko 5 a zaro ta a taɓa. In ta yi ɗumi, aiki yana tafiya. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sharar, kuma cin da suke yi ne yake kawo wannan zafi. Suna bukatar iska kamar yadda muke bukata. Shi ya sa ake juya takin da shebur duk bayan mako 2, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya. Ramin da ba a juyawa shi ne yake wari, maƙwabta su yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya.

Cikin wata 2 zuwa 3 taki zai nuna. Za a gane shi da baƙinsa da laushinsa, da ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta.

Kada a sa nama ko ƙashi ko mai, don suna jawo ɓeraye. Kada a sa kashin kare ko na mage ko na mutum, don suna ɗauke da cuta. Kuma ina jan kunnenku a kan ɗanyen kashin kaji. Mutane da yawa suna ɗebo shi daga akurki su zuba a gindin tumatir, washegari su ga ganye ya ƙone, su ce iri ne ba shi da kyau. Irin ba shi da laifi. Kashin kaji yana da ƙarfi, sai ya ruɓe tukuna.

Ina za a shuka?

Wani zai ce, "Malam, gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne." Buhu ya isa. A samu tsohon buhun shinkafa mai kilo 50. A haɗa ƙasa kwano 2 da taki kwano 1, a yi ta haɗawa da wannan awo har ta isa cika buhun. In ƙasar laka ce mai danƙo, a ƙara yashi. A nemi gwangwani babba a cire masa gindi, a tsayar da shi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa a kewayensa. A ja gwangwanin sama, a sake cika shi, a sake zuba ƙasa. In an gama, za a sami layin tsakuwa daga gindin buhu har bakinsa. Ta nan ruwa zai bi ya kai ko'ina. A shuka a saman buhun, a kuma tsaga ƙananan ƙofofi a jikinsa a dasa.

Tsohon bokiti da fasasshen baho da kaskon da ya tsage duk suna yi, muddin akwai hudar da ruwa zai fita.

Mai fili mai tauri, wanda ruwa ke gudu a kansa, ya ari dabarar 'yan uwanmu na jihar Tawa a Nijar. Suna kiranta tassa. Ana haƙa ƙaramin rami, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfinsa kusan taƙi ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu. Ramin yana tare ruwan sama. Gara ma tana zuwa cin takin, ta bar hanyoyin da ruwa zai bi ya shige ƙasa. A Burkina Faso sunan dabarar zai. Wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo ya raya mataccen fili da ita har ya zama kurmi, aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Ya rasu a 2023. Fartanya da taki ne kayan aikinsa.

Wurin ya riƙa samun rana aƙalla rabin yini. Kuma a yi danga kafin a zuba iri, ko ta kara ce ko ta tsohon gidan sauro. Kaza ɗaya takan tone aikin mako uku kafin a idar da sallar azahar.

Me za a fara da shi?

Shawarata ita ce a fara da alayyahu. Irinsa ƙanana ne, sai a gauraya shi da yashi kafin a yafa. Cikin mako 3 zuwa 4 an fara tsinka. Wanda ya ci miyar lambunsa a wata na farko ba ya yin sanyin gwiwa. Rama da yakuwa da lalo da kuɓewa suna son zafi da damina. Latas da karas da kabeji da albasa da tumatir sun fi son sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tumatir da tattasai ana renonsu a ƙaramin kasko mako 3 zuwa 4, a dasa da yamma, a bar kamu ɗaya tsakanin wannan da wancan.

Zogale kuwa kowane gida ya kamata ya samu, ko guda biyu ne. In ya kai tsawon ƙugu a datse kansa, sai ya yi rassa, ganye ya yi yawa, hannu kuma ya kai.

Ruwa

Mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya san darajar kowace jarka. To, a duba ruwan da ke bin rariya a banza. Ruwan alwala tsarkakakke ne, ba sabulu a cikinsa. Gidan da ke da mutum shida, kowa na alwala sau biyar, ruwan da suke zubarwa zai shayar da buhu da yawa. A ajiye baho a wurin alwala, ko a dasa zogalen a wurin. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya su ma suna yi. Ruwan omo da na bilic kada su taɓa ganye. Ruwan kwata ma haka, ko da kun ga wasu suna ban ruwa da shi.

A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka. A rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, don kada rana ta shanye danshin.

Ga wata dabara mai sauƙi. A binne tulun ƙasa, wanda ba a shafa masa komai ba, har wuyansa. A cika shi da ruwa, a rufe bakinsa don sauro. A shuka a kewayensa. Yadda tulu ke tsattsafo da ruwa a ɗaka ya yi sanyi, haka zai riƙa tsattsafo wa saiwa a cikin ƙasa. Sai a riƙa leƙawa, in ya yi ƙasa a ƙara.

Ƙwari

Wannan magana tana damuna ƙwarai. Na sha ganin an fesa fiya-fiya a kan ganye da safe, an tsinka da yamma an yi miya. Fiya-fiya guba ce. Tana kashe tsutsa, tana kashe ƙudan zuman da ke sa kabewa ta yi 'ya'ya, kuma ragowarta tana shiga cikin yaro. Lambun da bai fi tabarma uku ba, bai kai a kawo masa guba cikin gida ba.

Maganin farko ido ne da hannu. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba bayansa. A cire tsutsa a jefa wa kaji. A tsinke ganyen da darɓa ta rufe. Kada a kori kwaɗo da ƙadangare da gizo-gizo, ƙwari suke ci.

In abin ya fi ƙarfin hannu, ga dogon yaro a ƙofar gida. Wasu na ce masa darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Daga ƙasar Indiya aka kawo shi. A tsinci 'ya'yansa da suka nuna suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka. A jiƙa giram 50, wato kusan cikin hannu biyu, a ruwa lita 1, ya kwana. Da safe a tace da tsumma, a narka sabulun wanka ɗan ƙanƙane a ciki don ya kama ganye. In babu 'ya'yan, a daka ɗanyen ganyen kilo 1 a jiƙa a lita 5. A yayyafa da yamma, sama da ƙasan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda.

Kada ku sa ran ganin ƙwari sun zube nan take. Dogon yaro yana hana su ci ne, ya hana su girma, sai su ragu a hankali. A ware masa turmi dabam saboda ɗaci, a ajiye ruwan inda yara ba za su kai ba, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa.

Wurin da aka cire tumatir, kada a mai da tumatir ko tattasai ko gauta, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A sa wake a wurin. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Tsuntsu zai ɗan ci, ɗan maƙwabci zai ɗan tsinka. Ya zo a hadisi cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Rubutu

A kwafi waɗannan jimloli a littafi. A lura da harufa masu lanƙwasa, domin lanƙwasa ɗaya tana sauya ma'ana.

Na zuba taki taƙi ɗaya.
Ƙara kara a cikin rami.
Taki ya yi baƙi, na rufe bakin tulu.
Ɗanyen ɓawo yana ruɓewa a ƙasa.

Lissafi

Wani gida yana sayen ganyen miya na naira 300 kullum. Nawa yake kashewa a kwana 30?

Ana sa ƙasa kwano 2 a kan taki kwano 1. In buhu yana cin kwano 24, kwano nawa ne na taki?

Aikin wannan mako

Kowa ya ware kwando biyu a gidansa tun daga gobe. Ya auna wurin da zai yi rami ko ya ajiye buhu, ya rubuta tsawonsa da faɗinsa a littafi. Ranar aji mai zuwa a zo da irin da ake da shi a gida, na alayyahu ko kuɓewa ko rama ko zogale, a ƙulle a takarda, a rubuta sunansa a jiki da hannunka. Za mu yi musaya a aji, wanda ba shi da wani iri ya samu a wurin ɗan uwansa.