Darasi na 9: Saƙar Ado da Lissafinta

A da, masaƙin Zazzau ya san inda kayansa za su nufa. Fari, wato farar saƙa, ya tafi wajen maɗinka a yanka babbar riga, a zuba mata aska biyu ko aska takwas. Gwado da luru kuwa na lulluɓa ne lokacin hunturu. Yanzu an sami wasu masu saye daban. Su saƙar hannu suke nema don su rataya a bango, ko a yi rigar matashi, ko jaka, ko shimfiɗar tebur. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, har sashe guda akwai inda ake koyar da saƙa da rini a matsayin fasaha.

Mai sayen abin ado ido yake sa wa kaya. Riga idan an sa, ninki yakan ɓoye aibu. Abin da aka rataya a bango kuwa a miƙe yake, kowa ya shigo sai ya gani.

Ku fara da zare. Na wadari, wato wanda ake ja a tsaye, dole ya kasance siriri mai ƙwari, don shi ke shan ja da gogar masefi, wato abin da ake buga zare da shi ya matse. Wanda ake naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiyar da ake jefawa tsakanin zaren wadari kuwa, nan ne abawa, wato zare mai kauri, take da amfani. Kada ku raina kaɗin mazari don wani wuri ya yi kauri wani ya yi siriri. Wannan ɗan gargadar ita ke nuna hannu ne ya yi, kuma ita ake biya. In zaren rinanne ne, ku jiƙa ɗan guntu ku goga a farin ƙyalle. In ya bar shaida, ku sake wanke shi kafin ya hau masaƙa.

Sai kunkuru, wato abin da ake ɗaure ƙarshen wadari a jikinsa. Duwatsun da aka ɗora masa su ke riƙe wadari ya yi tsam. In nauyin ya yi kaɗan, saƙa ta saki. In ya yi yawa, zare ya dinga tsinkewa. Bugun masefi shi ma ya zama iri ɗaya daga safe har yamma. Hannu yakan yi sanyi bayan azahar, sai a ga ƙwarya, wato falle ɗaya na saƙar, rabi a matse, rabi sako-sako.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen haɗi. Saƙar maza siririya ce, sai an jera ƙwarya-ƙwarya an ɗinke. In akwai ratsin baƙi ko ja da ake so ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, to dole ya faɗo wuri guda a kowace ƙwarya. Kada ku dogara da ido. Ku sami kara miƙaƙƙe, ku yi masa tsaga da wuƙa a duk inda launi zai canja, ku riƙa kara shi a jikin saƙar. Mata masu masaƙar tsaye sun huta da wannan, don tasu da faɗinta take fitowa.

Ga lissafi. A ce faɗin ƙwaryarku santimita 10 ne, mai saye kuma yana son faɗin santimita 80, tsawo 150. Ƙwarya 8 ke nan, kowace 150, duka santimita 1,200, wato mita 12. Amma kada ku ja wadarin mita 12 cif. Auduga tana ɗan tsukewa in ta sha ruwa, kuma ƙarshen wadari ba ya saƙuwa. Ku ƙara a kai.

Aikin gida: mai saye yana son faɗin santimita 60, tsawo 200. Ku rubuta yawan ƙwarya da yawan mita a littafinku. A ƙasa ku rubuta kuɗin zare, kuɗin rini, kuɗin ɗinki, da ladan kwanakin da za ku zauna a masaƙa, ku haɗa, ku zo da shi aji mako mai zuwa.