Yadda ake gina gadar da ta haɗa ƙasashe biyu: daga yarjejeniya zuwa gwajin nauyi

Injiniyan da ya saba da ƙananan gadoji a Gombe ko Bauchi yakan ɗauka gadar kan iyaka girma kawai ta fi su. Ba a nan wahalar take ba. Kogi ɗaya ne, amma gwamnati biyu ce, doka biyu, kuɗi iri biyu. Dubi gadar Mfum da Ekok da ta haɗa Najeriya da Kamaru a kan kogin Kuros, mai tsawon mita 408, wadda aka buɗe a Nuwamban 2022. A gefenmu naira, a can kuwa sefa.

Don haka da takarda ake farawa. Ƙasashen biyu su rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta fayyace inda iyaka ta ratsa gadar, kason kowa a kuɗin aiki, wanda zai ba da kwangila, da wanda zai riƙa gyara bayan an gama. A nemi a ɗauke wa kayan aiki harajin kwastam, a ba ma'aikata takardar tsallakawa, in ba haka ba motar siminti ta kwana uku a bakin iyaka, aiki ya tsaya. A kuma tsayar da ƙa'idar zane guda. Mu mun gaji ta Ingila, maƙwabtanmu ta Faransa. Haka ma safiyo: kowace ƙasa da wurin da take fara auna tsayi, in ba a daidaita ba, ɓangarorin biyu su zo tsakiyar kogi ɗaya ya ɗara ɗaya. Iyaka kan sauya siffar gada ma. Gadar Kazungula ta Zambiya da Botswana, mai mita 923, lanƙwasa ta aka yi don kada ta shiga yankin Zimbabwe ko Namibiya.

Sai sanin halin kogin. Wanda ya ga kogin Gongola a Dindima ta jihar Bauchi cikin Maris, yashi shimfiɗe, ba zai yarda shi ne na Agusta ba. Ana yin zane ne da ambaliyar da kan zo sau ɗaya a shekara 100, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin ruwan da cikin gadar saboda itatuwan da yake kwasowa. A tambayi masunta da dattawan gaɓa inda ruwa ya taɓa kaiwa, sun fi takarda riƙe wannan. Idan akwai madatsa a sama, kamar Lagdo ta Kamaru a kan Binuwai, a sa sakin ruwanta cikin lissafi.

Abin da ya fi kayar da gada shi ne zaizaya a gindin ginshiƙi. Ruwa na bugun ginshiƙin, ya yi juyi, ya kwashe yashin ƙarƙashi a hankali, sama kuma lafiya lau ake gani har ranar da zai zauna. Maganinta, a haƙa ramin gwaji aƙalla ɗaya a gurbin kowane ginshiƙi, ba a gaɓa kaɗai ba, a ci gaba har a tarar da dutse, a ƙara nutsawa kamar mita uku don a tabbatar ba wani gungumen dutse ne kwance cikin yashi ba. Sannan a kafa turakun kankare masu kaurin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, su wuce zurfin da zaizaya za ta iya kaiwa. Wajen zubawa, ta bututu ake tura kankaren daga ƙasan rami, bakin bututun kuma kada ya fita daga cikin ɗanyen kankare. Da ya fita, laka ta shiga, turken ya tsinke a tsakiya ba wanda ya gani. Shi ya sa ake gwada lafiyar turakun, a kuma ɗora wa wasu nauyi, kafin a zuba musu hula, wato kankaren da ke haɗe kawunansu, wanda ginshiƙi zai zauna a kai. Duk wannan aikin rani ne.

Kankaren ginshiƙi da azarori ba na shebur ba ne, awo ake yi da sikeli. Ruwa kada ya wuce lita 22 a buhu mai kilo 50, a lissafa har da damshin yashi. Rodi ya samu rufin kankare na santimita biyar, na cikin ruwa bakwai da rabi, don tsatsa. A ɗebi samfur a murƙushe a kwana 7 da kwana 28 don a gwada ƙarfinsa. A zafi irin na Afrilu a zuba da dare, a rufe da jiƙaƙƙen buhu mako guda. Da hunturu ma haka, iskar na tsotse ruwan saman ya tsattsage. Leburan da ya ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi ya rage wa gadar ƙarfi.

Azarorin a ƙasa ake zuba su, a ja wayoyin ƙarfen da ke ciki a ɗame su, sannan a ɗaga a ɗora kan matasai na roba da ke saman ginshiƙai. Gada na miƙewa da zafi: mai mita 400 kan motsa kusan santimita goma idan zafin jikinta ya sauya da digiri 25. Dole a bar mata gaɓar motsi, a riƙa share yashin da ke cika ta.

Hanyar da ta hau gadar ma aiki ce. Inda aka tarar da baƙar ƙasa mai taɓo, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, a kwashe ta a cika da jar ƙasa, santimita 20 a kowane shimfiɗi, a danne. Rashin haka ne ke haifar da tudun nan da mota ke dukawa a bakin gada.

Kafin buɗewa, a jera tireloli da aka auna nauyinsu, a duba yawan lotsawar azarori da ko sun koma daidai bayan an janye. A kafa sikelin manyan motoci a ɓangarorin biyu, da ofishin iyaka na haɗin gwiwa irin na Mfum, amma nesa da bakin gadar, don kada layin motocin da ke jiran kwastam ya tsaya a kanta.