Yadda ake farautar elk da barewa da kwari da baka a duwatsun Colorado

Duk watan Satumba sai na ga sababbin maharba sun hau dutse da baka sabo fil da kaya na dubban daloli a baya, bayan kwana biyar su sauko hannu rabbana. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya harbi dabba, ta tafi da kibiya a jikinta, ya neme ta ya rasa. Saboda irinsu nake wannan rubutu. Ba zan tsaya koya maka riƙon baka ba. Wanda bai iya zuba kibiya biyar cikin faɗin faifai daga yadi 30 ba, ya koma filin gwaji tukuna, dutse ba wurin koyon harbi ba ne.

Elk dangin barewa ne, amma kada sunan ya ruɗe ka. Babban namiji yana kai kilo 300 har ya ɗara, wato ya kai gwanki ko ya fi shi. Babu jihar da ta kai Colorado yawansu a Amurka. Lokacin farautarsu da baka daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne, daidai lokacin barbara, sa'ad da mazan ke wani irin kuka mai kama da fito da ake jiyowa daga wancan ƙetaren kwazazzabo. A duwatsun nan kuma akwai barewa mai manyan kunnuwa irin na alfadari, ita ma ana bin ta da baka, sai dai lasisinta daban.

Ka fara da takardu. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya nuna katin shaidar koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi. Daga 2025 kuma, wanda ba mazaunin jihar ba ne ba ya iya shiga kanti kawai ya sayi lasisin elk na baka don yankin duwatsun nan, sai ya shiga ƙuri'a, ana kuwa rufe ta tun farkon Afrilu. Kuɗin baƙo ya haura dala 700, na ɗan jiha bai kai 100 ba. Wani abu da ya kamata ɗan ƙasar Hausa ya sani tun da wuri: maharbanmu na da dafi suke dogara da shi, kibiya ta ɗan karci dabba ma ya isa. A nan doka ta hana dafi. Kaifin kan kibiya da wurin da ka sa ta su ne kaɗai makaminka.

Doka ta ce ƙarfin jan baka kada ya gaza laba 35, kan kibiya kuma ya zama na ƙarfe mai kaifi biyu aƙalla. Ni dai ban yarda a tunkari elk da ƙasa da laba 55 ba, kuma ban yarda da kan kibiyar nan mai buɗewa idan ya bugi dabba ba. Sa tsayayye, wanda za ka wasa da hannunka har ya aske gashin damtse. Haƙarƙarin elk kauri gare shi. Baka kuwa sayi na hannu, wanda wani ya yi shekara biyu da shi, ka kai a sauya maka tsirkiya, kusan rabin kuɗi ka tsira da shi. Rarar ka zuba a takalmi da na'urar auna nisa. Takalmin ka fara sa shi tun watan Yuni.

Birnin Denba kansa yana kan tudun mita 1,600, wurin farautar kuma yakan kai mita 3,000 ko fiye. Wanda ya taso daga bakin teku ya hau kai tsaye, ciwon kai da haki su ne za su kwantar da shi a tanti. Kwana biyu a tsakiyar hanya kafin ka haura, ka yi ta shan ruwa. Wata uku kafin nan ka riƙa saka buhun shinkafa mai kilo 20 a jakar baya kana hawa matakala.

Sai iska. Elk zai iya ganinka ya tsaya yana kallo, zai iya jin motsinka ya ɗauka ɗan'uwansa ne, amma da zarar ya shaƙi warinka magana ta ƙare. A dutse iska tana da ƙa'ida. Da asuba mai sanyi ce, tana gangarowa ƙasa. Idan rana ta ɗumama gangaren, wajen hantsi, sai ta juya ta riƙa hawa sama, da almuru kuma ta sake gangarowa. Saboda haka da safe ka biyo su ta ƙasa, da rana ka kasance a samansu. Lokacin juyawar shi ne mafi haɗari, iskar sai ta yi ta wulwulawa ta ko'ina. Idan ka ga haka, zauna ka jira. Riƙe 'yar kwalbar hoda, duk taku kaɗan ka matsa ka ga inda take nufa. Sabulai da feshin kashe wari da ake tallatawa asarar kuɗi ne.

Da rana suna kwance a cikin duhuwar itatuwa ta gangaren da ke fuskantar arewa, inda ya fi sanyi. Nemi sabon kashi mai laushi, da taɓon da namiji ya yi birgima a ciki, da ƙananan itatuwan da ya goge wa ɓawo da ƙaho. In ka kwana biyu a wuri ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, naɗe tantinka. Game da kira, sababbi suna cika busa har dabba ta gane su. Kukan mace sau biyu ko uku, sannan shiru na minti goma. In ku biyu ne, mai kira ya koma bayanka kamar yadi 50, don namijin ya wuce ta gabanka idonsa na can. Barewa kuwa ba a kiranta. Da madubin hangen nesa ake gano inda ta kwanta, a zagayo ta sama, a cire takalmi a ƙarasa da safa.

Ja baka lokacin da kansa ya shiga bayan itace, ba lokacin da yake fili ba. Jira ya ba ka gefe sosai, ko ya ɗan juya maka baya kaɗan. In ya fuskanto ka, kada ka harba, komai kusancinsa. Ka nufi bayan ƙafar gaba kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda kibiya za ta ratsa huhu biyu. A gangare mai tsayi kibiya takan wuce ta sama, don haka ka yi aiki da nisan kwance da na'ura ta ba ka, wato bayan ta cire gangaren, ka lanƙwasa daga ƙugu, kada ka sauke hannu kawai. Iyakata yadi 40, kuma ita nake ba kowa. Ka yi niyya, ka ce bismillah, ka saki.

Daga nan ne nake so ka natsu da ni, don a nan na taɓa yin asarar da har yau ban manta ba. Da yamma ne, a wani gangare mai itatuwa masu farin ɓawo. Namiji ya fito a yadi 28, ya ɗaga ƙafa daidai lokacin da na saki, kibiya ta shiga baya da inda na nufa da kamar tafin hannu. Ya yi tsalle, ya yi 'yar tafiya, sai ya tsaya ya ƙudundune baya, kansa a ƙasa. Na tsinci kibiyar, jinin da ke jikinta ja ne mai duhu, ba kumfa. Duk alamun hanta ne. Amma zuciyata na bugawa, rana na faɗuwa, ban yi minti ashirin ba na bi shi. Ban yi yadi 150 ba na ji fashewar rassa a gabana. Ashe ya riga ya kwanta. Na tarar da makwancinsa, ciyawa a danne, jini ya taru kamar cikin ƙwarya. Da na bar shi, a nan zai cika. Da na tashe shi sai ya gangara kwazazzabo, jinin ya koma ɗigo, daga baya ya ɗauke. Kwana biyu muna nema ni da abokina. Hankaki ne suka nuna mana shi a rana ta uku, naman duk ya lalace.

To ga abin da za ka yi. Kibiya na tashi, kada ka motsa daga inda kake. Bi dabbar da ido har ta ɓace, ka riƙe itace ko dutsen da ka gan ta na ƙarshe, sannan ka kasa kunne. Sau da yawa za ka ji faɗuwarta. Ɗaura ƙyalle a inda ka tsaya, duba agogo, zauna rabin awa cur kafin ma ka je neman kibiya. Idan ka same ta, karanta ta. Jini mai haske da 'yan kumfa huhu ne, ƙara rabin awa ka bi. Ja mai duhu hanta ce, ba shi awa huɗu zuwa shida. In ka ga kore-kore ko ka ji warin tumbi, ja da baya a hankali, kada ka dawo sai bayan awa takwas ko fiye. Dabbar da ta ji ciwo ba a kore ta ba takan kwanta kusa. Wadda aka tasa kuwa tana iya yin kilomita biyu ba ta bar maka ɗigon jini ba.

Wajen bin sawu, ka bi ta gefen jinin, kada ka taka shi. Duk inda ka ga ɗigo ka sa alama, takardar bayi ta isa, ruwa ne zai narkar da ita. Kada ka duba ƙasa kaɗai, duba ganye da kututture a tsayin ƙugunka. In jini ya ɗauke, koma ɗigon ƙarshe ka durƙusa. Kibiya ta kasance a kan tsirkiya, in ka gan shi a tsaye ka ƙara masa.

Akwai wata matsala da abokan farautarka Amurkawa ba za su gaya maka ba. Su shawararsu ita ce in ka yi shakka ka bar shi ya kwana. Mu kuwa a Risala an ce abin da kibiyarka ta kashe ka ci matuƙar bai kwana ba a gare ka, ko da yake an kawo ƙaulin cewa in an tarar da kibiyar ta sami makasa babu laifi. In kuma ka riske shi da sauran rai, sai ka yanka. Wannan ne ya sa na daina harbi in ya rage ƙasa da awa ɗaya rana ta faɗi, duk da cewa doka ta ba da har rabin awa bayan faɗuwarta. Ka tambayi malaminka tun kana gida, kada ka bari sai kana tsaye cikin duhu da fitila a goshi.

Ka same shi? Sa hannu a lasisi ka maƙala a jikin dabbar, sannan wuƙa. Zafin Satumba ba ya jira, kuma ta ƙashin cinya nama ke fara tsami. Ba sai ka farke ciki ba. Feɗe gefe ɗaya, cire cinya da karfata, yanko naman gadon baya da na wuya, juya ka yi ɗaya gefen. Doka ta wajabta ka fitar da duk naman da ake ci, ka kuma bar shaidar namiji ne ko mace a manne da yanki ɗaya. Zuba a buhunan yadi, ba leda ba, ka rataye a inuwa nesa da gawar saboda beyar, wani ƙaton naman dawa da ke bin warin nama. Naman babban namiji in an zare ƙashi yana kusan kilo 100, sawu huɗu ke nan ga mutum ɗaya. Cinyoyi ne sawun farko, ƙaho na ƙarshe. A wasu yankunan ana gwada kan dabba saboda ciwon ƙwaƙwalwar da ke kama barewa da elk, don haka duba dokar yankinka kafin ka bar kan a daji. Ƙanƙara kuma ta kasance tana jiranka a mota tun ranar da ka hau.