Yadda Iyayen Mai Ciwon Rashin Daskarewar Jini Za Su Ci Moriyar Zauren Marasa Lafiya a Intanet

Yaro mai hemofiliya, wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, sau tari shi kaɗai ne mai irin ciwon a unguwarsu, ko a Garwa ko a Marwa ta arewacin Kamaru. Kusan namiji 1 cikin 5,000 ake haifa da nau'in A na ciwon. Zaurukan Facebook da WhatsApp ne ke haɗa iyayensa da waɗanda suka riga su shiga wannan jinya.

Kafin ka shiga ko'ina, karɓi sunan ciwon a rubuce daga likita. A nau'in A, sinadarin daskarar da jini mai lamba 8 ne ya yi ƙaranci, a nau'in B mai lamba 9, kuma allurar da ke cike gurbin sinadarin ba ɗaya ba ce. Tambayi abin da gwaji ya nuna: idan sinadarin bai kai kashi 1 cikin 100 na yadda ya kamata ba, shi ne mai tsanani. Da yake takardun asibitocinmu da Faransanci suke, rubuta hémophilie wajen nema, ka gwada abin da ka ji da bayanin Orphanet, shafin intanet kan cututtukan da ba a cika samu ba.

Zauren kirki yakan faɗi ƙungiyar da ke riƙe da shi. Wanda ya biyo ka ta bayan fage, ya ce tura jaka ashirin ta Orange Money a aiko maka maganin warkewa, toshe lambarsa. Idan za ka ɗora hoton takardar gwaji, sa ɗan yatsa ka rufe sunan yaro da lambar wayarka.

In za ka yi tambaya, faɗi nau'in ciwon, shekarun yaro, nauyinsa, gaɓar da ta kumbura, da lokacin da ta fara. Da nauyin jiki ake auna allurar, don haka adadin da wata uwa a Faransa ta ambata ba na ɗanka ba ne. Kai wa likita ya duba. Inda zaure ya fi amfani shi ne dabarun yau da gobe: ajiye allura tsakanin digiri 2 zuwa 8 idan wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, naɗe ƙanƙara a tsumma kafin a ɗora wa gwiwa, da gudun asfirin da ibufurofen da diklofenak, masu ƙara zubar jini. Farasitamol ne na ciwo.

Maganar wanzami ta fi damun mu. Kaciya ko cire belu ba tare da allurar a hannu ba na iya cin ran yaron, don haka a shirya kaciyar da likita tun da wuri. Idan kuwa ya bugu a kai, ko da ba a ga jini ba, ajiye wayar ka kai shi asibiti.